Zinarin da ke cikin bola: kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi

A yi mini afuwa na kwana biyu da aka ji ni shiru, hidimomi ne suka yi yawa. Yau ma ba don wani abu da ya tsaya mini a rai ba, da ban zauna rubutu ba.

Makonni kaɗan da suka wuce, bayan sallar isha, wani yaro ɗan garinmu ya biyo ni har ƙofar gida a nan Agege. Ɗan abokina ne, mahaifinsa ya damƙa mini amanarsa lokacin da ya taho Ikko. Sana'arsa gwangwan: yana tura kura unguwa-unguwa yana kiran "kwandem", yana sayen matattun talabijin da fanka da janareto da wayoyin hannu. Bayan mun gaisa sai ya ciro wayarsa ya nuna mini wani bidiyo. Wani mutum ne a wata ƙasa, ya zuba allunan kwamfuta a cikin kwalba, ya tsiyaya wani ruwa, hayaƙi ja ya tashi, a ƙarshe ya nuna ɗan dunƙulen zinari a tafin hannunsa.

Ya ce, "Kawu, ashe zinari muke sayarwa a farashin gwangwani. Ka ranta mini jari in sayi asid ɗin nan, ni ma in riƙa cirewa da kaina."

Na ce, "Ɗana, a ina za ka yi aikin?"

Ya ce, "A bayan ɗakinmu mana."

Na san gidan. Gidan haya ne mai ɗakuna a jere, mata na girki a tsakar gida, yara na wasa a bakin kwata. Ban ba shi kuɗin ba, amma ban iya ce masa ƙarya yake yi ba, domin rabin maganarsa gaskiya ce. A kan wannan rabin gaskiyar nake so mu tattauna yau.

Da gaske akwai zinari?

Ƙwarai kuwa akwai. Koren allon nan da ke cikin waya ko kwamfuta, wanda mutanenmu ke kira fanel, ba banza aka yi shi ba. Masu ƙera na'urori suna shafa zinari a bakin mahaɗar wuta da 'yan ƙafafuwan ƙwaƙwalwar kwamfuta, saboda zinari ba ya tsatsa, kuma wuta na bi ta cikinsa ba gardama. Akwai azurfa a maɓallai da wuraren lika, akwai wani ƙarfe mai tsada da ake kira faladiyam a cikin wasu ƙananan kafasito, sannan ga jan ƙarfe wanda shi ne mafi yawa. A shekarar 2024 kaɗai, masana'antun kayan lantarki na duniya sun sha zinari kimanin tan 270.

Hukumar kare muhalli ta Amurka ta yi lissafin cewa a cikin wayar hannu miliyan ɗaya ana iya samun zinari kimanin kilo 34, azurfa kilo 350, faladiyam kilo 15, da jan ƙarfe kusan tan 16. Mai karatu ya kwatanta da mahaƙar zinari: manyan kamfanoni sukan fasa dutse tan guda su sami giram kaɗan, sau da yawa bai kai biyar ba, alhali tan guda na allunan kwamfuta masu kyau yakan ba da giram 200 ko fiye. Shi ya sa masana ke kiran bolar birni da sunan mahaƙa.

Amma a nan ne ya kamata a yi lissafi da idon basira. Raba kilo 34 gida miliyan, za ka ga waya ɗaya ba ta ɗauke da abin da ya kai ko kashi ɗaya cikin ashirin na giram. Sai ka tara wajen waya talatin kafin ka haɗa giram guda, shi ma idan ka iya cire shi kaf ba asara. Ko a watan Oktoba na 2025, lokacin da farashin zinari ya haura dala 4,000 kowane oza a karon farko, zinarin waya ɗaya bai wuce na dala huɗu da 'yan kai ba. Wato arzikin yana nan, amma a warwatse yake kamar gero a cikin yashi. Mai tara shi da yawa, ya kuma san yadda ake rairaye shi, shi ne mai riba.

Japan ta nuna wa duniya wannan a fili. Daga 2017 zuwa 2019 ta tara tsofaffin na'urori kusan tan 79,000, da wayoyin hannu sama da miliyan 6, ta fitar da zinari kilo 32 da azurfa kilo 3,500 da tagulla kilo 2,200. Da su aka ƙera lambobin yabo wajen 5,000 na gasar Olamfik da ta nakasassu ta Tokyo da aka yi a 2021. Duba yawan kayan, ka duba yawan zinarin.

Yadda masu masana'anta ke yi da shararsu

Tun kafin na'ura ta shigo hannun mai saye, akwai shara da take bari a masana'anta. Idan ana yanka alluna, gefe-gefe na zubewa. Akwai allunan da suka faɗi gwaji aka ware su. Akwai guntayen zaren zinari da ya fi gashin kai siranta, wanda ake haɗa cikin ƙwaƙwalwar na'ura da shi. Akwai ruwan da ake tsoma kaya don shafa musu zinari, idan ƙarfinsa ya ƙare. Akwai kumfar dalmar lika. Har tsumman da aka goge inji da shi, da matatar da ruwan ya bi ta ciki.

Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ya zuwa bola. A China da Taiwan da Koriya ta Kudu da Japan da Malesiya, inda ake ƙera mafi yawan kayan nan, kowace irin shara da mazubinta, ba a gauraya su. Ana auna ta, a rubuta, a miƙa wa kamfanin tace ƙarafa, irin su Tanaka na Japan ko Heraeus na Jamus. Shi kuma mai tacewa zai niƙe kayan ya gauraya su sosai, ya ɗebi samfur ya gwada a ɗakin bincike, ya ce a cikin kayanka akwai zinari giram kaza, azurfa giram kaza. Sai ya cire ladan aikinsa, sauran ko a biya ka kuɗi a farashin kasuwar ranar, ko a rubuta maka shi a asusu, ka karɓi sabon ƙarfe ka koma aiki da shi. Zinarin da ya zube yau, bayan 'yan makonni ya dawo cikin sabon allo.

Wannan shi ne abin da 'yan boko ke kira tattalin arziki mai zagayawa: kaya ba sa mutuwa, juyawa suke yi. Kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Maƙeri bai taɓa zubar da tsohuwar fartanya ba. Maƙerin zinari yakan share ƙurar da ke ƙarƙashin teburinsa ya adana. Tukwanen alminiyam da iyayenmu mata ke girkin biki da su, daga gwangwanaye da fasassun kayan mota aka narko su. Wanda ya taɓa shiga Panteka ta Kaduna ya san ba mu da abin koyo a wajen ƙin zubar da kaya.

Inda suka fi mu wuri uku ne kawai, kuma ina so mai karatu ya riƙe su: ba sa gaurayawa, ba sa sayarwa sai an gwada, kuma ba sa tacewa da kansu, suna kai wa mai kayan aikin. Kamfanin da ke ƙera kwamfuta, mai injiniyoyi dubbai, ba ya dafa allo a bayan ofishinsa. To ina ga ɗan abokina?

Inda allon ke ƙarewa

Manyan wuraren da ke iya narka allunan na'ura su fitar da ƙarafan da ke ciki 'yan ƙalilan ne a duniya. Akwai na Umicore a Hoboken kusa da Antwerp ta Beljiyam, wanda ke fitar da ƙarafa iri 17. Akwai na Boliden a arewacin Suwidin, da na Aurubis a Jamus, da na Dowa a Kosaka ta Japan. Yadda suke yi shi ne, ana zuba niƙaƙƙen allo a cikin tanderu mai zafin da ya haura digiri 1,000. Robar da ke jiki ta ƙone ta zama makamashi, hayaƙin kuma ba a sake shi sai ya bi ta matatai masu tsada da ke kama gubarsa. Narkakken jan ƙarfe yana janyo zinari da azurfa da faladiyam ya riƙe su, kamar yadda maganaɗisu ke kama allura. Daga nan a raba jan ƙarfen da wutar lantarki, abin da ya rage a bi shi mataki-mataki har kowane ƙarfe ya fita daban. Da wannan hanya sukan ceto fiye da kashi 95 cikin 100 na zinarin.

Mai kwalba da asid ba ya kusantar wannan adadi. Yakan kwashi na sama-sama da ido ke gani, mafi yawan zinarin ya bi ruwan da ya zubar ko ya tsaya a cikin tarkacen da ya jefar, faladiyam da azurfa kuwa galibi sallama. Wato ya yi hasarar dukiyar, ya kuma sayi cuta da kuɗinsa.

Ba mu da irin wannan tanderu a Najeriya. Saboda haka fanel ɗin da yaronmu ya ɓalle da guduma a Ojota ko Alaba, bayan ya bi hannu uku ko huɗu, a kwantena yake ƙarewa, ya haye teku. Kowane hannu da ya bi ta ciki ya fi na bayansa sanin darajar kayan, kuma kowane ya fi na bayansa riba. Wanda ya sha rana, ya tura kura, ƙarfe ya yanke shi, shi ne mafi ƙarancin sani kuma mafi ƙarancin rabo.

Mu kuma ina muke?

Kayan dai ba ƙaranci suke yi ba. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce a shekarar 2022 duniya ta zubar da sharar lantarki tan miliyan 62, ƙarafan da ke cikinta sun kai darajar dala biliyan 91, daga ciki zinari kaɗai na biliyan 15. Abin da aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida kashi 22 ne da ɗoriya cikin 100, a Afirka kuwa bai kai kashi ɗaya ba. Ba wai sauran ba a taɓa shi ba ne, a'a, irin mutanenmu ne ke taɓa shi, ba rajista ba lissafi.

Ikko kuwa tun tuni ta zama masauki. A 2005 wata ƙungiyar Amurka mai suna Basel Action Network ta ba da rahoton cewa kwantena wajen 500 na tsofaffin kwamfutoci ke sauka a tashar Ikko kowane wata, kuma 'yan kasuwa sun shaida mata cewa har kashi uku cikin huɗu na iya zama matattu. Wani bincike da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi a tashoshin ruwanmu ya gano cewa a 2015 da 2016 ana shigo da tsofaffin kayan lantarki kimanin tan 60,000 a shekara, akasari a cushe cikin motocin tokumbo, kuma wajen kashi ɗaya cikin huɗu ba sa aiki. Ƙara da namu na gida, waɗanda muka saya sababbi suka mutu a hannunmu.

Duk wanda ya zaga bayan kasuwar Alaba, ko kewayen Computer Village a Ikeja, ko juji na Olusosun, ko Owode Onirin, ya san da wane harshe ake ciniki a bakin sikeli. 'Yan uwanmu ne, daga Kano da Katsina da Jigawa da Sakkwato da Zamfara, har da na ƙetaren iyaka daga Maraɗi da Damagaram. Su ne ƙafafun wannan harka. Ba don su ba, da kayan nan sun toshe magudanan ruwan Ikko. Amma idan aka kira taro a otal kan sharar lantarki, da wuya ka ga ɗayansu a kan kujera. Idan kuwa aka sace murfin kwalbati ko wayar wuta, su ne farkon waɗanda za a nuna.

A nan ma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Akwai ɓata-gari a cikinmu, kuma akwai dillalan da ke sayen kayan da suka san na sata ne. Mun ga abin da ya faru a Abuja a watan Janairun 2025, da aka hana yawon bola a cikin birni aka kuma rufe kasuwannin panteka na mako biyu. Mun ji yadda aka rushe Agbogbloshie a Ankara ta Gana a watan Yulin 2021, inda dubban 'yan arewacin ƙasar ke cin abinci. Sana'ar da ba ta da takarda, ba ta da mai magana da yawunta, rana ɗaya ake tashinta. Idan yanzu muka ƙara da dafa asid a cikin unguwa, mun ba wa masu neman korarmu sandar da za su doke mu da ita.

Kada mu manta da Zamfara

Idan akwai al'ummar da bai kamata a yi mata dogon wa'azi kan sarrafa zinari a cikin gida ba, to mu ne. A 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, mutane sun riƙa kawo dutsen zinari cikin gida suna daka shi suna niƙawa. Ba su san dutsen cike yake da dalma ba. Ƙurar ta bi ƙasa, ta bi abinci, ta bi hannun yara zuwa baki. Yara sama da 400 suka rasu, dubbai suka kamu, har sai da ƙungiyar likitoci ta MSF ta shigo, aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja. Iyayen nan ba mugaye ba ne, abinci suke nema wa 'ya'yan da suka rasa.

To dalmar nan tana cikin fanel. Kafin Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da ita a 2006, kusan duk likin da ke kan allo da dalma aka yi shi, kuma tsofaffin kayan su ne suka fi zuwa hannunmu. Gilashin tsohuwar talabijin mai ƙusumbi yana ɗauke da dalma fiye da kilo guda. Idan aka gasa allo a kan wuta don a zazzage abin da ke jikinsa, tururin da ke tashi shi ake shaƙa. Idan aka ƙona wayar wuta da tsohuwar taya don a fitar da jan ƙarfe, baƙin hayaƙin yana ɗauke da guba mai zama a jiki shekara da shekaru. Jan hayaƙin da yaron ya nuna mini a bidiyo kuwa huhu yake ci, kuma mugun halinsa shi ne mutum na iya shaƙarsa ya ji garau, sai bayan sa'o'i numfashi ya sarƙe. Ruwan da ya rage fa, ina za a zuba shi? A kwatar da ke bi ta gefen rijiya.

Garin Guiyu na China ya bi wannan hanya shekaru da dama, har ya yi suna a duniya. Ruwan garin ya ƙi shaawuwa, sai da aka riƙa sayo na sha daga wani wuri, gwaji kuma ya nuna yawancin yaran garin da dalma a jininsu fiye da kima. A ƙarshe hukuma ta tattara masu sana'ar ta mayar da su wuri guda mai tsari a 2015. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Na san abin da wani zai ce

Wani zai ce, Malam, kai ka ƙoshi ne. Yaron da bai karya ba, za ka ce masa kada ya ƙona waya, alhali dillali ba ya sayenta sai an fere? Gaskiya ne, kuma shi ya sa ban ɗora laifin a kan yaron ba. Akwai injin fere waya, ba wani babban abu ba ne, an ma taɓa kafa irinsa a Agbogbloshie a 2014. Yaro ɗaya ba zai iya sayensa ba, amma masu sikeli goma za su iya. Kuma jan ƙarfen da aka fere ya fi wanda aka ƙona kyau da nauyi.

Wani kuma zai ce, wato mu dawwama muna tsinto wa Turawa, su suna tacewa? Wannan tambaya tana da nauyi, ni ma tana ci mini tuwo a ƙwarya. Ba na cewa kada a tace zinari a Najeriya. A 2024 gidan buga kuɗin Birtaniya, Royal Mint, ya buɗe masana'anta a yankin Wales da za ta iya sarrafa allo tan 4,000 a shekara, da wani sinadari na kamfanin Kanada mai suna Excir wanda ke aiki ba tare da tanderu ba. Dalilinsu shi ne su ma sun gaji da tura allunansu waje. Wannan ya nuna abin ba sai da tanderun biliyoyi ba. Muna da masu digiri a ilimin sinadarai daga Zariya da Kano da Sakkwato suna yawo ba aiki, muna da attajirai masu neman inda za su sa kuɗi. Amma wannan aikin kamfani ne mai lasisi, mai matatar hayaƙi da wurin sarrafa gurɓataccen ruwa. Kuma ko an kafa shi gobe, abin da zai fara nema shi ne kaya masu yawa, tsararru, a kai a kai. Wa ke da su? Mu.

Abin da nake gani

Akwai wani abu da 'yan gwangwan ba su sani ba game da kansu. A Turai, saboda tsadar ma'aikata, sau da yawa inji ne ke markaɗa na'ura gaba ɗayanta, kuma bincike ya nuna cewa ta haka zinari mai yawa ke ɓacewa cikin ƙura da tarkacen roba da ƙarfe. Hannun mutum da sukundireba, wanda zai kwance allo ya fitar da shi lafiyayye, ya fi injin nan ceto dukiya. Wato aikin da ake raina mu a kansa shi ne matakin da ya fi kowanne tasiri. Saura mu san kuɗinsa.

Na farko, a daina gaurayawa. Allon waya daban, ƙwaƙwalwar kwamfuta da 'yan sandunan nan masu bakin zinari daban, babban allon kwamfuta daban, allon talabijin da rediyo mai ruwan ƙasa daban, domin shi ne mafi talauci. Tsofaffin kwamfutoci na shekarun 1990 sun fi na yanzu zinari, saboda masu ƙira sun yi ta rage shi, har sun maye gurbin zaren zinari da na jan ƙarfe a na'urori da yawa. Wanda ya zuba duka a buhu ɗaya, farashin mafi arha za a ba shi. Kuma abin da ke gyaruwa a kai wa mai gyara, domin waya mai rai ta fi gawarta daraja nesa ba kusa ba.

Na biyu, a sayar tare. Buhu ɗaya ba ya ciniki, tan goma yana yi. Idan masu sikeli na unguwa guda suka haɗa kaya, za su iya tsallake hannu biyu, su zauna da mai fitarwa kai tsaye, su nemi a biya su bisa gwaji, ba bisa kallon ido ba. Muna yin adashi, muna da ƙungiyoyin masu shanu da masu gwari da masu canji. Wannan bai fi ƙarfinmu ba.

Na uku, a shiga cikin tsari. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, tana da dokokin kayan lantarki tun 2011, kuma a ƙarƙashinsu masu ƙera kaya da masu shigo da su suna da alhakin abin da kayansu suka zama bayan sun mutu. Don haka aka kafa EPRON a 2018. A 2019 gwamnati da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙaddamar da shirin dala miliyan 15 kan wannan fanni a nan Ikko. Akwai kamfanoni masu lasisi, irin su Hinckley a Ojota. Ga kuma ƙungiyar dillalan gwangwan ta ƙasa, NASWDEN. Sannan daga 1 ga Janairun 2025, yarjejeniyar Basel ta wajabta neman izinin ƙasar da za a kai wa kaya kafin a fitar da kowace irin sharar lantarki. Ma'ana, kasuwar tana komawa hannun masu takarda. Wanda ba ya cikin rajista zai ci gaba da sayarwa ga mai rajista a farashin da aka ga dama.

Na huɗu yana wuyan shugabanninmu: sarakunan Hausawa na unguwanni, da limamai, da shugabannin kasuwa. A kafa doka tsakaninmu tun kafin a kafa mana: ba ƙona waya, ba dafa asid, ba fasa fanel ko batir a gidan da mata da yara ke kwana. Yaron da bai balaga ba kada a sa shi wannan aiki. Mai aiki ya sa safar hannu, ya wanke hannu kafin cin abinci, ya sauya tufafi kafin ya shiga gida ya ɗauki ɗansa. Kowane mai sikeli ya ajiye littafi, ya rubuta wanda ya kawo kaya da abin da ya kawo, abin da ya yi kama da na gwamnati ko na sata a ƙi saye. Huɗubar Juma'a ɗaya a kan wannan za ta kai inda takardar hukuma ba za ta kai ba.

Kammalawa

Yaron ya dawo bayan kwana uku, fuska ba walwala. Na zaunar da shi na ba shi labarin Bagega, domin lokacin da abin ya faru bai yi wayo ba. Sannan na ce ya kawo buhunsa. Muka zazzage shi a kan tabarma a waje, muka ware kayan kashi huɗu. Na ce ya je ya tambayi farashin kowane kashi daban, a wurin mutum uku daban, kada ya sayar ranar. Kuɗin da ya nema na asid kuwa, na ce zan ba shi rabinsa ya sayi sukundirebobi da filaya da safar hannu da ƙaramin sikeli nasa na kansa, sauran rabin sai ranar da ya kawo mini abokan sana'arsa biyar da suka yarda su riƙa haɗa kaya.

Ya zuwa yau ya kawo uku. Ina jiran sauran biyun.

Hausawa na cewa rashin sani, kaza ta kwana a kan dami. Mun daɗe muna kwana a kan wannan damin. Amma maganin yunwar ba shi ne a cinna wa damin wuta ba. Wanda ke cikin wannan sana'a, musamman 'yan uwa na Anacha da Aba da Fatakwal, ina so in ji yadda abin yake a wajenku. Wanda kuma ya karanta, don Allah ya karanta wa wanda bai iya ba, domin su ne masu abin.

Allah ya sa albarka a nemanmu, ya tsare mana zuriya, ya mayar da kowa gida lafiya.